Gurbi Biyu Ko Huɗu

Matakala ɗari da sittin na sauko
daga tudunmu na Valparaíso zuwa kantin Yasna,
gwiwata ta hagu tana taya ni ƙirga.
A aljihuna akwai takardar da jikana Amaro ya rubuta,
sunan abin da zan saya, da layi biyu a ƙarƙashinsa.

Akwati ne, in ji shi, bai kai tukunyar miya ba.
Ka cusa masa faifai, ka ɗaura masa wayar intanet,
sai kowane talabijin a gidan ya sha daga cikinsa,
har na Fresia da ke can Punta Arenas,
inda iska ke raba mutum da hularsa.

Yasna ba ta duba takardar ba.
Ta ce, "Don Nibaldo, me za ka zuba a ciki?"

Na ce finafinai ɗari uku da 'yan kai,
na tara su ina tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jirgin ruwa,
yawancinsu na 'yan bindiga da dawaki.
Waƙoƙi kuma ban san adadinsu ba.
Sai kaset goma sha ɗaya da aka juye mini bara.
A na bakwai Orfelina tana fere dankali,
ta ɗago wuƙa tana cewa,
"Kashe abin nan, ban taje kaina ba."
Daƙiƙa tara.
Muryarta ba ta saura a ko'ina sai nan.

Ta ajiye akwati biyu a kan kanta.
Mai gurbi huɗu yana da ƙwaƙwalwa,
yana sauya wa fim riga ya shiga kowace waya,
amma fankarsa tana gurnani cikin dare,
kuma ba ya wasa da lantarki.
Mai gurbi biyu shiru-shiru ne.
Abin da ka rubuta a faifai ɗaya,
ɗayan yana kwafa nan take.

Na ce, "Wato in biya kuɗin biyu
in ci moriyar ɗaya?"
Ta ce, "Araha ba ta ado.
Ran da ɗaya ya mutu, ɗayan yana tune da komai."

Na yi shiru ina kallon farashin,
alhali ba farashin nake kallo ba.

Ta ci gaba, ita ba ta lura ba:
kada in sayi tagwaye daga kwali guda,
waɗanda aka haifa rana ɗaya
sukan tafi mako ɗaya.
Kada in ɗora shi kusa da taga,
gishirin teku ba ya barin ƙarfe.
Kada ya hau kanta mai tsawo,
ƙasar nan takan girgiza ba sallama.
Kuma in wuta ta sake hawo tudu
kamar shekarar da ta cinye layin maƙwabta,
faifai biyu a ɗaki ɗaya, toka ɗaya ne.
"Aika wa 'yarka kwafi," in ji ta.
"In ɗaya ya mutu kuma, kada ka zauna makoki,
ka kawo sabo da wuri,
wanda ya saura ya zuba masa abin da ya sani."

Na ɗauki mai gurbi biyu.
Faifai ɗaya daga wurinta,
ɗayan daga kantin abokin gabarta a tsallaken titi,
ita ce ma ta nuna mini ƙofar.

Keken hawa tudu ya lalace, kamar kullum.
Na rungumi kwalin, na huta sau huɗu,
karen gidan burodi ya raka ni rabin hanya.

Yanzu yana ƙarƙashin tebur, kan tsohon tawul.
Fitila kore biyu, suna ƙiftawa ba tare ba.
Amaro zai zo ran Asabar ya haɗa sauran wayoyin.
Na ce masa ya taho da yunwa da lokaci:
akwai abin da ba ya cikin kaset ɗin,
kamar dalilin da ya sa take dariya
bayan ta ajiye wuƙar.