Cokali Uku

Ranar Talata, a Sheffield, ana yayyafi,
likita ta juyo mini da fuskar kwamfuta,
ta ɗora biro a kan wata lamba,
ta ce, "Ba ki faɗa ba tukuna, amma kina bakin rijiya."
Na fito ina gyara mayafi, ina tambayar kaina:
ni da ko alewa ba na saya, ina na gamu da sukari?

A cikin bas na fara lissafi.
Shayin asuba, cokali uku.
Na hantsi, uku.
Na dare kuwa, a gidan tsofaffin da nake aiki,
in ƙararrawar ɗaki na tara ta ƙi yin shiru,
ba na ƙirgawa, zubawa nake da sauri.

Haka Baba yake sha a Gusau,
a bencin Ilu mai shayi, bakin tasha,
yana cewa shayin da bai kama leɓe ba, ruwan zafi ne.
Ƙafar hagu aka fara yanke masa.
Muka ce jifa ce, muka ce asiri.

Asabar na shiga kanti da tabarau,
ina jujjuya gwangwani kamar mai cinikin kankana.
Ashe ɓarawon a gida yake kwana.
Yana cikin burodi, yana cikin tumatirin kwalba,
yana cikin madarar da aka zana wa saniya a makiyaya.
Ya sauya suna sau goma kamar mai gudun bashi,
ya laɓe a ƙaramin rubutu, kusa da gishiri.

Makon farko kaina ya yi ta sara.
Na yi wa Sabi'u faɗa a kan safa,
na daka wa Zulai tsawa don ta yi dariya.
Ƙarfe uku na dare na tsaya gaban injin cakulan,
fam guda a tafina har ya yi ɗumi.
Na mayar da shi aljihu,
na sha ruwan famfo, na ba kaina haƙuri.

Tsohuwa Doreen ta ɗaki na tara,
shekara casa'in da ɗaya, biskit a jakar hannu,
kullum sai ta cusa mini biyu.
Ta ce, "Muna yara, da takarda ake raba shi,
uwata a kan auna take kulle kwalba."
Ba a mayar da hannun babba.
Nakan karɓa, in yi godiya,
da safe in marmasa wa tattabarun gari.

Ban san ranar da harshena ya farka ba.
Ina yanka karas, na jefa guntu a baki,
sai na tsaya da wuƙa a hannu.
Ashe da zaƙinsa!
Ashe albasa in ta soyu tana da nata,
ashe shayi yana da magana,
shekara ashirin ina toshe masa baki
bai taɓa yi mini gori.

Ranar da Zulai ta cika goma na ci kek.
Yanka guda, ban ɓoye ba, ban tuba ba.
Zaƙin ya sare ni har cikin haƙori,
na bar rabi a faranti,
Sabi'u ya share shi, ya ce albarka ba ta son jinkiri.

Inna ta dube ni ta waya, ta matso da fuska,
"Kin faɗa. Ko ba sa ba ku abinci a can?"
Na ce, "Inna, cokali nawa kike zubawa a koko?"
Ta ce layin ba ya da kyau.

Sai watan Maris za a sake ɗibar jini.
Ban san me lambar za ta ce ba.
Kwalbar dai tana nan a kan kanta,
na wanke ta, na shanya, na cika ta da kanumfari.
Wani lokaci da asuba, ido bai gama buɗewa ba,
hannuna yakan je gare ta da cokali,
ƙamshin ya tare shi a bakin murfi,
ya ce masa, bari.