Dangwali

Madauki goma sha ɗaya ne a dangwalina.
Da kaka na tufka shi a gindin ɗorawa,
ina duban cikin shanu ina lissafi
kamar manomi da ya ga dawa ta yi kai.
Yau huɗu ke ɗaure.
Bakwai na yashe a ƙasa,
kowanne buɗe kamar bakin da ya manta abin da zai ce.

Na fari ɗan Wule ne.
Ya sha dakashi, ya yi tsalle, ya ture mini ƙwarya,
kwana tara yana faɗa da jelar uwarsa.
Ran na goma, tururi na tashi daga Galma,
na tarar ya aje haɓa a ƙasa,
kunnuwa sanyi ƙalau kamar cokalin da ya kwana waje.
Ba zawo, ba tari, ba kumburin cibiya.
Kafin hantsi ya miƙe ƙafafu.

Na ce ɗari ne.
Bana ruwan buta ma cizo yake.
Na kafa zana ta gabas, na baza tattaka,
na kwana ina tura kututture cikin wuta
har idona ya zama garwashi.
Na biyu ya tafi a gefen wutar nan,
gashinsa da ɗumi.

Ardo Barkindo ya tako daga Dakace,
ya matsa cinya yana neman ƙarar harbin daji, bai ji ba.
Ya buɗe baki, ya duba kofato, ba boru.
Ya bar mini ɓawon maɗaci da jar kanwa,
ya tafi bai waiwayo ba, na gane.
Tabawa mai nono ta ce feshin 'yan tumatir ne a fadama.
To, yaushe ɗan mako ya fara kiwo?
Wani ya ce baki ne.
Na ce wa ya rasa aikin yi
da zai yi hassadar mai takalmin taya?

Dakta Asabe ta zo daga Samaru ran na biyar,
ta sa safar hannu, ta durƙusa a kashin shanu,
ta buɗe shi a hankali kamar mai kwance ƙunshin amana.
Hanta lafiya. Huhu lafiya.
Ciki cike da nonon jiya, bai ko narke ba.
Ta ɗebi jini a 'yan kwalabe, ta ɗebi ruwan rijiya,
har dusar da ke buhu ta ƙulla a leda.
Mako biyu ta dawo da takarda.
Ta ce, "Malam Gambo, ba mu ga komai ba."
Ta daɗe a tsaye bayan ta faɗa.
Da ta so, da ta ba ni suna mai tsawo in riƙe.
Ba ta yi ba. Na ba ta ƙwan zabi.

Wule ta hana nono.
Na cusa wa fatar ɗanta tattaka,
na yayyafa gishiri a gadon baya, na aje gabanta.
Ta shinshina, ta dube ni, ta fara lasa,
hantsa ta saki.
Ta san ƙarya ce. Ni ma na sani.
Haka muke tatsa kowace safiya,
ba mai tona wa wani asiri.

Shekaranjiya 'yar autar maruƙan ta sunkuyar da kai.
Kulu 'yata ta kinkimo ta har ɗaki,
ta rufa mata bargonta, ita ta shige buhu.
Ban hana ba. Me na sani da zan hana?

Cikin dare nakan laluba,
in sa yatsa a bakinta in ji ko da sauran ɗumi.
Daren jiya, wajen kiran assalatu na Dambo,
ta kama yatsan.
Ta tsotsa sau uku.

Ban gaya wa kowa ba.
Madaukinta na nan, ban kwance shi ba,
ban kuma ɗaure ba.