Bencin Awo a Yelwa

Talata ce, ranar awo.
Tun da jijjifi muka tsallako kogi,
mu shida cikin kwale-kwale guda,
in an ƙirga da na ciki, sha biyu ke nan.

A bencin asibiti
kowa da katinta a ƙullin zane,
kowa da abin da aka gaya mata a gida.

Tumba ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"An ce ruwan kwalbar nan shi ka rufe mahaifa."
Dubu ta shafa tulun cikinta, tana dariya:
"Na tara ke nan, kowanne sai da anka soke ni.
In kulle ni sunka yi, kwaɗon bai kama ba."

Hassu ba ta jin tsoron zance,
kumburin dantse take gudu.
Gobe akwai sussukar shinkafa,
wa zai ɗaga mata taɓarya?

Ni dai shiru.
Ina can wajen ɗan farina.
Tsohuwar reza ta raba mu.
Kwana biyar yana tsotso,
na shida baki ya ɗinke,
baya ya lanƙwashe kamar baka.
Aka ce iska ce, aka yi turare.
Ragon suna ya kwana kuka a turke,
shi ne ya ga safiya.

Malama Shafa ta leƙo da tire.
"Ba taki ba ce ke kaɗai," in ji ta,
"guzuri ne, ta jininki zai isa gare shi
kafin tsinkau-tsinkau ya san hanyar cibiya."

Na naɗe hannun riga.
Na kalli bango, inda fenti ya ɓare
ya bar surar kifi.
Kafin in gane ko tarwaɗa ce, an gama.

Tumba ta ce sai ta tambayi mai gida.
Ta fita, takalminta na tafi da baki.
Ban ga laifinta ba,
tsoro ma rainon ciki yake yi.

A komowa ruwa ya ɗan yi fushi.
Hannuna ya yi nauyi kamar ɗanyen icce,
na ciki yana shuri, bai san komai ba.

Mun kusa gaɓa ta matso.
"Da zafi?"
"Cizon cinnaka."
Ta daɗe tana kallon ruwa.
"Yaushe anka ce ki koma?"