Iskar Jidda

Muƙbil mai shagon firji ne ya ba ni kwalin.
Ya ce, “Wannan tsohon ƙarfen za ka hau jirgi da shi?”
Na ce shekara sha tara yana ɗauke da ni,
yau rana ɗaya tal, bari in ɗauke shi.

Bayan la'asar, a lungunmu na Karantina,
na kwantar da shi a kan tabarma.
Fedar hagu ta ƙi fita,
sai da na tuna ita baibai ake murɗa ta.
Na juya kansa gefe kamar mai sallame salla,
na cire sirdin da ya san nauyina
tun ina da ƙiba har na rame.
Sarƙar kuwa na naɗe ta da tsohuwar rigata
don kada ta shafa wa turmin Hansatu baƙin mai.

Buhun gurasa nawa ya kai gidajen mutane
kafin ladan ya buɗe baki?
Ban ƙirga ba.
Kariyarsa ce ta ƙirga, ga ta nan ta lanƙwashe.

A filin jirgi sikeli ba ya jin magiya.
Kilo shida ya ɗara.
Riyal ɗin da na biya
sun isa sabon keke a kasuwar Funtuwa,
har da canjin famfo.
Na biya. Sabo bai san hanyar Bab Makka ba.

Sai wani yaro mai kaki ya ƙwanƙwasa kwalin:
“Ya Hajji, ka sace iskar tayoyin?”
Na yanke igiya, na durƙusa a gaban layi,
na danna bawul da farce.
Tsss.
Iskar da na bunƙa masa jiya a bakin teku,
mai gishiri, mai ƙarnin kifi,
ta fita ta bi ta tsakanin ƙafafun alhazai.
Ita ba ta da biza.

Suka manna masa takarda, bel ya ja shi,
labulen roba ya rufe bayansa.
Ban taɓa ganin ya tafi ba ni a kai ba.

Ƙararrawar dai tana aljihuna.
Can sama, da fitilun gari suka zama ƙwayar gero,
na taɓa ta da ɗan yatsa, a hankali.
Tsohuwar da ke kusa da ni ta janye ƙafarta
ta ba ni hanya.