Kwantiragin Wata Shida

A injin shinkafar Alhaji Nomau, nan Argungu,
shekara ashirin da bakwai biro yana hannuna.
Rannan ya ce, "Mudi, mun ɗauko injiniya,
wata shida kacal, za ta kai lissafinmu gajimare."
Na ce, "Alhaji, da ruwa na san gajimare,
yaushe ya fara ajiyar bashi?"

Saratu ce, 'yar Zuru, kwamfuta a jaka.
Ba ta nemi ofis ba, soket ta nema.
Ta baje littattafaina goma sha huɗu,
har wanda gara ta ci rabinsa.

Mako uku, ta juyo mini allo:
"Baba, shekarar ambaliya
buhu tamanin sun ɓace a shafin Arzika."
Yawun bakina ya ƙafe.
Ni na soke su, ranar da gulbi ya haɗiye fadamarsa.

Ta dube ni, ta dubi allon.
Ta buɗe sabon layi ta rubuta:
Ruwa ya ci.

Jiya kwantiraginta ya ƙare.
Kalmar sirrin tana cikin hulata,
a bayan wani tsohon rasit.