Ruwan da Ba Ya Jiƙa

Nomau, aje jakarka, buɗe taga tukuna.
A shagon nan iska ke fara shiga, sannan mutum.

Ga shi can cikin shuɗin tano.
Perkulo, in ji takardar da ke manne a jikinsa,
mu a Bukoki ruwan da ba ya jiƙa muke ce masa.
Garau kamar na famfo,
ƙamshi zaƙi-zaƙi kamar alewa.
Ɗaga bidon ka ji, ya fi ruwa nauyi.

Shekara goma sha tara muna tare.
Kwat ɗin darakta, rigar lauya, labulen otel,
duk maiƙon da ya fi ƙarfin sabulu
shi ke lashe shi.
Yadda yake lashe maiƙon riga
haka yake lashe na fata.
Dubi tafin hannuna,
kamar bakin tabki a watan bazara.

Mu biyu muka zo daga Keita, ni da Arzika.
Ya ce kuɗin haya asara ne,
ya shimfiɗa tabarma gindin injin.
Ba wanda ya gaya mana tururin abin nan
ƙasa yake bi,
ya kwanta inda mai barci ya sa kansa.
Da safe Arzika na tangaɗi yana dariya,
mutumin da ko warin giya bai sani ba.
Muka ce gajiya ce.
Ido ya yi rawaya, muka ce shawara,
muka jiƙa saiwa, muka dafa sassaƙe.
Likita a babban asibiti bai tambayi abin da ya ci ba,
ya ce, ina kake kwana?

Yana nan da rai, can gida.
Hanta ta ƙi, hannu na rawa,
sai an riƙa masa kofin shayi.

To, saurara.
Safar hannu mai kauri, waccan kora,
ba ta leda ba, ratsa ta yake yi.
Rawani a hanci ba ya tare shi,
ɗauki abin rufe fuska mai gwangwani, ko da zufa za ta ci ka.
In ya fantsama ido, ruga famfo,
wanke, wanke, har ka gaji, ka ƙara.
In kai ya fara juyi, bar kome, fita,
riga ba ta taɓa mutuwa don jira ba.
Garwashin shayi waje, taba waje:
shi ba ya kamawa,
amma in ya gamu da wuta
hayaƙin da suke haifa ya fi uwa da uba mugunta.
Kada ka ɗura shi a gorar ruwan sha,
ƙishirwa ba ta karanta rubutu.

Baƙin laka da injin ke amayarwa,
rufe shi ruf, a jira masu kwasa.
Kwata ba ta da sirri.
Abin da ka ba ta nan, Gunti Yena za ta kai,
a shayar da salati,
saura ya gangara kogi.

Sai abu guda.
Wani zai zo daga Katako da amalanke,
ya ce tano ai ya ƙare, ga jika biyar.
Tano ba ya ƙarewa, Nomau.

Na taɓa sayar da ɗaya,
shekarar da aka haifi Rabi.
Na sayi ragon suna da cikon kuɗin.
Har yau in na ga shuɗin tano a ƙofar gida,
yaro na tsoma moɗa,
sai ƙafata ta tsaya.
Ban san gidan da ya shiga ba.

Tashi, rataye rigunan can waje su sha iska.
Yau a barandata za ka kwana.
Akwai sauro, na sani.