Abin da Rakoda Ba Ta Ɗauka Ba

Na sauka Piran da tambaya arba'in da ɗaya
a jere kamar haƙoran mataji,
jami'a ta buga musu hatimi, ta ba ni kuɗin mota.
Nives ba ta dubi takardar ba, ƙafata ta duba.
"Metka, da waɗannan za ki taka fadamar gishiri?"
Ta miƙo mini takalman katakon marigayi Bepi,
sun yi mini yawa da yatsu biyu.

Kafin nan, wata uku na yi a Banis,
a ɗakin adana tsofaffin takardu,
ina buɗe kundin haraji da numfashi a riƙe.
Magatakarda ya ƙirga komai:
mudu nawa aka loda, jirgi nawa ya tashi,
tarar wanda ya ɓoye buhu a ƙarƙashin gado.
Rubutunsa kamar zanen ado.
Amma hannuwan da suka kwashe gishirin,
layi guda ya ba su a ƙasan shafi:
"Mata goma sha biyu, an sallame su."
Babu suna. Tawada ma ta fi su tsada.

Nives ta durƙusa, shekara tamanin da bakwai,
ta shafa baƙar fatar da ke kan laka.
"Petola ke nan. Rai gare ta.
Renonta ake tun sanyi, kamar jinjiri.
In kin ji mata ciwo, gishiri ya fito da datti."
Na rubuta: ilimin gado.
Ta leƙa ta ce, "Rubuta ciwon baya."

Tambaya ta tara: Wace ƙasa ce taki?
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Ƙarƙashin wata tuta aka haife ni,
ƙarƙashin wata na yi aure,
ta takabata daban.
Ƙofar ɗakina kuwa ɗaya ce, har yau tana ƙara.
Kowa ya zo sai ya gyara mini harafin sunana,
amma ba wanda ya iya sa hadari ya jira mu kwashe."

Da yamma iska ta juyo daga teku,
na ambaci shekarar da jirage suka kwashi maƙwabta.
Ta ɗora tafinta a kan hannuna.
"Kashe abin nan."
Na kashe.
Ta faɗi sunan ƙanwarta, Ondina,
da keken ɗinki, da wata taga da aka bari a buɗe.
Sauran kuwa amana ce.
Mun kai isha'i a zaune, sauro na cin rabonsa,
ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Bana littafin ya fito, shafi ɗari uku.
A zauren taro an ba ni minti ashirin.
Wani farfesa mai jan gemu ya ɗaga hannu,
yana son jin mazhabar da na bi.
Na ba shi amsa, aka tafa.
Ban ce masa ba: tsakiyar littafin rami ne,
girman yammaci guda,
duk babukan kewaye shi suke yi
kamar awaki a bakin rijiya.

Ashe ni ma magatakarda ce.
Shi ya bar su a waje don bai tambaya ba,
ni na bari don an roƙe ni.
Ina fata da bambanci. Wasu dararen ban tabbata ba.

Kwalbar da ta ba ni ta kusa ƙarewa.
Na so in ajiye ta a kanta, kusa da kamus,
sai na tuna muryarta a bakin mota:
"Ba na kallo ba ne, yarinya. Zuba a miya."